Son Waƙa Daga Goyo Har Tsufa

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da kowace ɗayanmu ta taso da shi, amma da yawa daga cikinmu sun yar da shi a hanya, wasu kuma suna hana 'ya'yansu, watau son waƙa.

Uwargida, ki yi wa kanki wannan tambaya. Yaushe rabon da ki buɗe baki ki rera waƙa ke kaɗai a tsakar gida, kina tankaɗe ko kina wanke-wanke? Yaushe rabon da 'yarki ta ji wata waƙa daga bakinki, ba daga rediyo ko wayar hannu ba? In kin daɗe ba ki yi ba, to, wannan magana da ke na ke yi.

Inda abin ya ke farawa

Babu ɗan Bahaushen da ya san ranar da ya fara jin waƙa, domin kuwa tun yana zanen goyo a ke yi masa ita. Jariri ya tsala kuka, uwa ko kaka ko 'yar reno ta saɓa shi a kafaɗa tana jijjigawa tana rera masa waƙar reno, har barci ya kwashe shi. Bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma ya san murya, ya san daɗinta. Daga nan ne kunne ya ke buɗewa.

Yarinya in ta fara tasawa sai ta bi yayyenta dandali. A garuruwanmu na kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, duk wadda ta manyanta ta san yadda dandali ya ke cika in an yi farin wata, musamman da kaka bayan an kai amfanin gona gida. 'Yan mata su yi da'ira, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, ana tafi, ana faɗawa a hannun ƙawaye suna cafewa. Wannan ita ce gaɗa, kuma ba ta bukatar ganga ko makaɗi, tafin hannu ya wadatar. In azumi ya kai kwana 10 kuma sai a shiga tashe, 'yan mata su bi gida gida da ƙwaryarsu, suna kwaikwayon zaman aure da halin mutane, ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi.

In an yi aure ma waƙa ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, tare da amarya ta ke shiga ɗaki. Akwai shantu, dogon duman nan da a ke fafewa a bar bakinsa biyu a buɗe, mace ta riƙa buga gindinsa a cinya tana toshe samansa da tafin hannu. Akwai waƙar niƙa, wadda mace ke yi tana durƙushe a kan dutse tun da asuba. Akwai waƙar daka, inda mata biyu ko uku za su haɗu a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi kamar kiɗan gwanaye. Akwai ta daɓe, ran da matan unguwa su ka taru gyaran ɗakin amarya. A cikin waɗannan waƙoƙi ne mace ke faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa a fili: kewar gidansu, yabon ɗan farinta wanda ba ta iya kiran sunansa, da ɗan habaici ga abokiyar zama ko uwar miji. Ta amayar da abin da ke cinta, aikin ya yi sauƙi, zuciya ta yi sanyi, ba a yi faɗa da kowa ba.

Tsohuwar da ba ta manta ba

Domin ku ga irin zaman da waƙar ƙuruciya ke yi a zuciya, bari in ba ku labarin wata baiwar Allah maƙwabciyarmu. Sunanta Baba, an haife ta wajen 1877, ta tashi a wani ƙauye mai suna Karo, kusa da Zarewa ta ƙasar Rogo, ba nisa da Kiru. Ba ta yi makarantar boko ba, ba kuma zabiya ce ba. Matar aure ce kamar ni da ke.

A ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, shekarunta sun haura 70, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith ta riƙa zama da ita tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa. Baba ta ba da labarin zamanin harin bayi, da zuwan Turawa, da aure-aurenta, da yadda a ke biki da suna. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne, tana cikin labari sai ta kawo waƙa: wadda su ke yi suna 'yan mata ran kasuwa, wadda a ke yi wa amarya, wadda makaɗa ke yi. Shekara 60 da ɗoriya sun wuce, amma suna nan daram a kanta. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

To, ku duba fa. Da ba a sami mai alƙalami ta zauna a gabanta ba, da duk waɗannan waƙoƙi sun bi ta kabari. Tsofaffi nawa ne irin Baba a Kwanar Dangora, da Tiga, da Riruwai, da rugagen Fulanin da ke gefen dajin Falgore, waɗanda ke ɗauke da irin wannan dukiya, ba wanda ya taɓa cewa su rera a ji?

Abin da ya canja

Ba sai an gaya mana ba, zamani ya juya. Injin niƙa ya shigo kusan kowane gari, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki. Wallahi ba mai kewar ciwon baya da kantar hannu, mun gode Allah da wannan sauƙi. Sai dai ran da dutse ya yi shiru, waƙarsa ma ta yi shiru. Siminti ya kori daɓe. Dandali ya mutu a wurare da yawa, wani wuri saboda karatun dare, wani wuri saboda iyaye na tsoron abin da ka je ya zo, kuma suna da hujjarsu. Shantu kuwa, yarinyar yanzu in ta gan shi sai ta tambaya ko mene ne.

Son waƙar dai bai mutu ba. Ki saurari 'yarki tana shara, za ki ji bakinta na motsi. Abin da ya sauya shi ne inda ta ke ɗaukowa. Da daga bakin uwa da kaka da ƙawaye ta ke koya, ta ƙara nata, ta saka sunan ƙawarta ko na garinsu. Yanzu kuwa daga fim da waya ta ke haddacewa, yadda a ka yi ta haka za ta maimaita, ko ta san ma'anarta ko ba ta sani ba. Da mu ne masu yin waƙa, yanzu mun koma 'yan sauraro. Wannan ita ce asarar da na ke jiye mana.

Matan da su ka riƙe baiwarsu

Wata za ta ce, to, in yarinya ta riƙe son waƙa, ina zai kai ta? Ga misali daga Funtuwa ta Jihar Katsina. Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Coge, ta yi aure tana 'yar shekara 15, mijinta kuwa makaɗin garaya ne, saboda haka bai tsaya mata a hanya ba. Wajen 1973 ta fara fita da kiɗan amada. Kayan kiɗanta ba wasu baƙin abubuwa ba ne, ƙore ne irin na ɗakin kowace mace, a kife su, wata a kan ruwa a cikin babban mazubi, mata 'yan uwanta na bugawa da 'yan sanduna suna amshi. Kafin ita, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta yi suna da irin wannan kiɗa a Kano.

Barmani ta shekara 40 tana wannan sana'a, ta haifi 'ya'ya 12, har Allah ya karɓi ranta a watan Maris na 2013. Waƙoƙinta a kan zaman mata su ke: kishi, haihuwa, zaman gidan miji, da kiran mata su tashi su kama sana'a kada su zauna jiran a ba su. Gaskiya ne akwai waɗansu baitocinta masu nauyi da ba za ki so ƙaramar yarinya ta maimaita ba, don a taron manyan mata a cikin gida a ke yin su. Amma mata nawa ne su ka fara ƙuli-ƙuli ko saƙa ko kiwo saboda zaburarwarta? Abin da malamin tsabta ko jami'in gwamnati zai yi wata yana faɗa ba a ji ba, ita da dare ɗaya a gidan biki sai ta isar da shi.

A nan Jihar Kano kuma an yi Magajiya Ɗambatta, wadda muryarta ta cika gidajen rediyo a shekarun 1970, har ta yi waƙar kiran iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta. Labarinta yana da darasi mai ɗaci. Da tsufa ya zo, idanunta su ka rufe, duniya ta manta da ita, har ta kai ga bara a Makoɗa. Sai daga baya ɗan jarida Ja'afar Ja'afar ya kai kukanta ga jama'a, a ka tara mata gudummawa a ka gina mata gida, kafin rasuwarta a 2021. Ku 'yan mata ku riƙe wannan da kyau. Murya baiwa ce, amma ba ta hana tsufa, ba ta hana ciwo. Wadda Allah ya ba murya, ta haɗa da ilmi da sana'ar hannu da tattali, don ranar da makogwaro zai gaji.

Ko a cikin maza, wanda ya fi kowa suna sai da ya sha tsangwama a gida. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, tun yana yaro ya ke waƙa a dandali da wajen tallan goro da alewa, mahaifinsa kuwa ba ya so ko kaɗan, don a ganinsa roƙo ne, ba kuma gadonsu ba ne. Yaron nan da a ke hanawa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988, ya kuma yi ta waƙa har rasuwarsa a 1999. Ba cewa na ke kowane yaro mai waƙa Shata zai zama ba. Abin lura shi ne, abin da Allah ya dasa a zuciyar yaro, duka ba ya tumɓuke shi.

Tsoron da iyaye ke ji

Na san abin da ke ran uwargida, domin ni ma a cikinku na ke. Muna tsoron a ce 'yarmu ta zama zabiya ko maroƙiya. Muna tsoron waƙa ta ɗauke mata hankali daga karatu da salla, ta ja ta yawon biki, ta cire mata kunya. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Akwai waƙoƙin batsa da na zagi da na zuga, waɗanda bai kamata su shiga gidan mutunci ba, kuma maganar kayan kiɗa malamai sun yi bayani a kanta, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

Amma mu tuna waƙa kamar wuƙa ce, da ita a ke yanka albasa, da ita kuma a ke ɓarna. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa a kan addini da tarihi da kyawawan halaye. Ta naɗa dattijan mata da a ke kira jaji, su zo wurinta da ayarin mata 'yan taru su haddace, su koma ƙauyukansu su koya wa na gida. Babu ganga babu kalangu, murya ce kawai da hadda. Ta san cewa matar da ba ta iya karatu ba, in an rera mata abu, zai zauna.

A zamanin kusa kuma an yi Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda su ka rubuta waƙoƙi na wayar da kan jama'a, har kamfanin NNPC na Zariya ya buga su a 1983 a littafin Alƙalami a Hannun Mata. A Jami'ar Bayero ta Kano kuwa, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da shekaru suna nazarin waƙoƙin baka, ɗalibai na samun digiri a kansu. Abin da mu ke raina wa a tsakar gida, shi wasu ke shiga aji su koya.

Mu da ke koyarwa a firamare kullum muna ganin wannan da idonmu. Yarinyar da ta kasa riƙe lissafin sau, in a ka sa mata shi a waƙa, kafin mako ya ƙare ta haddace. Watannin shekara, sunayen jihohi, ƙa'idodin tsabta, duk haka ne. A Islamiyya ma ai da rerawa yara ke riƙe darussa da yawa. Sau da yawa kuma yarinyar da ke bayar da waƙa a filin wasa ita ce mai kaifin hadda a aji, ita ce ba ta jin tsoron tashi ta yi magana. Na taɓa ganin irin wannan yarinya ta zo makaranta da shatar bulala a hannu, laifinta kawai an ji ta tana waƙa a bakin rijiya. Daga ranar ta yi tsit, a filin wasa da cikin aji duka. An so a gyara ta, sai a ka rufe mata baki gaba ɗaya.

Shawara ga uwargida

Da farko, in kin ji 'yarki na waƙa, ki kasa kunne kafin ki ɗaga hannu. In kalmomin ba su da kyau, ki zaunar da ita ki tambaye ta ko ta san ma'anarsu. Sau tari ba ta sani ba. Ki fahimtar da ita, sa'an nan ki ba ta wata a madadinta. Wanda ya karɓe wa yaro garwashi, sai ya miƙa masa abin wasa.

Na biyu, ki rera wa jaririnki da bakinki. Kada ki ce muryarki ba daɗi, a wurinsa babu muryar da ta kai taki. Waya ba ta san sunansa ba, ba ta san sunan kakansa ba, ke kin sani.

Na uku, in dandalin waje ya gagara, tsakar gidanki ma dandali ce. Ki bar 'yan matan maƙwabta su taru bayan sun gama aikin gida da na makaranta, su yi gaɗarsu a gabanki, idonki na kansu. In kin tuna wata ta zamaninku ki koya musu. Za ki sha mamakin yadda za su ɗauke ta.

Na huɗu, ki sa wa abin lokaci. Ba a waƙa lokacin salla, ba a yi lokacin karatu, ba a yi a gaban baƙi ko surukai. Yarinyar da ta san lokacin kowane abu ba za ta ba ki kunya ba. In kuma maigida ne ba ya so, ki bi shi da lalama, ki nuna masa irin waƙoƙin da ki ke koya musu. Da wuya uba ya ji 'yarsa na rera abin kirki ransa ya ɓaci.

Aiki ga 'yan makaranta

Ku kuma ƙannena, ga aikin hutu na ba ku, ba kuwa na maki ba ne. Kowacce ta sami littafin rubutu guda, ta je wurin kakarta ko gwaggonta ko wata tsohuwar unguwa, ta gaishe ta da ladabi, ta taya ta ɗan aiki, sa'an nan ta roƙe ta waƙoƙin da su ke yi suna 'yan mata. Da fari za ta ce ta manta, ko ta kore ki da wasa. Ki yi haƙuri ki koma. Ran da ta fara, sai kin gaji da rubutu.

Ki rubuta waƙar yadda ta faɗe ta, kada ki gyara mata Hausa. Ki sa sunan garin da ta koye ta, da lokacin da a ke yin ta, ko niƙa ko daka ko kamun amarya. Kalmar da ba ki gane ba ki tambaya, ki rubuta ma'anarta a gefe. In akwai waya a gidan, a nemi izininta a ɗauki muryar, don takarda ba ta riƙe karin waƙa. Ku da ke Doguwa da Tudun Wada, inda Hausawa da Fulani da Kurama ke zaune tare, kuna da riba biyu, sai ku nemi na maƙwabta ma ku ji yadda nasu ya ke. In an koma makaranta ku nuna wa malamar Hausa, ku kwatanta na Kiru da na Bebeji ku ga inda su ka haɗu da inda su ka rabu.

Kada ku ce sai wani hutun. Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa su ke yi. Wadda ta cika littafinta, ta adana shi a ƙasan akwati tare da kayan ɗakinta. Wata rana ita ma za ta goya nata, ta kuwa sami abin rera masa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Haza wassalam.